Malam Ɗanasabe da Masu Takin Zamani

Malam Ɗanasabe haifaffen Morai ne, amma a Talata Mafara ya tsufa, cikin wani gida mai zaure ɗaya a bayan tasha. Dogo ne siriri, da ɗan doro irin na wanda ya ƙare rayuwarsa a sunkuye kan takarda. Ƙafar tabaransa ta hagu ta daɗe da karyewa, ya ɗaure ta da zare ya ci gaba da harkarsa. Duk wanda ya yi firamare a Bakura ko Faru ko Maradun, a shekarun da ake ta cilla shi daga wannan makaranta zuwa waccan, ya san shi, kuma da yawa sun san bulalarsa.

Ubansa manomi ne. Da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai boko, sai ya dubi 'ya'yansa ya zaɓi wanda ba ya tsinana komai a gona. Tun ranar da yaron ya gane baƙaƙe, gidan bai sake hutawa ba. Ya karanta gwangwanin madara, ya karanta kwalin ashana, ya bi motar itace da gudu don ya ƙarasa karanta abin da aka rubuta a bayanta. In aka aike shi sayen ƙosai, sai ya tsaya a hanya ya karance guntun jaridar da aka ƙunso shi a ciki, gaba da baya, ya iso gida da ƙosai sanyi ƙalau.

Lokacin da ya fara koyarwa bai zama abin kallo ba, don akwai irinsa da yawa. Ranar Talata, a kasuwar Mafara, akwai masu shimfiɗa littattafai a tabarma kamar tumatir. Matan aure na aikawa a karɓo musu littafin haya, su duƙufa a kai har tuwo ya kama. Malaman makaranta na tsayawa jiran motar Gusau mai kawo jarida, a zauna teburin mai shayi a yi ta gardama kan abin da aka rubuta. Akwai kuma shagon Solomon, wani mutumin Zuru da ya zauna garin tun yana saurayi, inda Malam yake yini duk ranar da ba makaranta.

Sai abin ya riƙa janyewa a hankali, kamar ruwan fadama bayan damina. Solomon ya fara rataya cajar waya a gefen kanta. Daga caja sai batir, daga batir sai gilashin waya, littattafai suka sauka daga kanta suka koma kwali a ƙarƙashin tebur. Yau in ka shiga ka tambaye shi littafi, sai ya dube ka da tausayi, kamar ka tambayi lafiyar wanda ya daɗe da rasuwa.

A makaranta ma haka. Cikin shekarunsa na ƙarshe a aji, Malam ya taɓa ba 'yan aji shida wani labari da bai wuce shafi biyu ba, ya ce su karanta su gaya masa abin da suka gane. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tunda kai ka san abin da ac ciki, ka hwaɗa muna mana mu huta." Iyaye kuwa sun bar zuwa tambayar ko ɗansu ya iya karatu. Abin da ke kawo su shi ne su ji ko an shirya yadda za a taimaka wa yara ranar jarrabawa.

Da ya yi ritaya, maimakon ya nemi ɗan tebur ya kasa goro kamar sauran abokansa, sai ya ce littafi zai rubuta. Ya zauna a zaure da biro da takardu, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Labari ya ƙirƙira, na wani mai sayar da takin zamani, mutumin kirki mai tsoron Allah, wanda maƙiya suka yi wa sharri cewa yana gauraya takinsa da yashi. Gari ya juya masa baya, abokai suka gudu, daga ƙarshe gaskiya ta bayyana. Ya sa wa mutumin suna Sufyanu, ba don komai ba sai don sunan ya yi masa daɗi a baki. Littafin kuma ya kira shi Gonar Bakin Gulbi.

Martha ce ta buga masa a kwamfuta. Tana da ɗan shago kusa da sakatariya, a Mafara aka haife ta, Hausa kuwa a bakinta kamar ta 'yar Morai. Ranar da ta gama shafin ƙarshe, Malam ya gyara zama a benci, ya yi gyaran murya.

"To Martha, ke ta mutum na hwarko da yag ga aikin ga. Yaya kig gane shi?"

Ta zare abin sauraren da ke kunnenta. "Na'am, Baba?"

"Labarin. Ya yi daɗi?"

"Ai Baba ni bugawa nake yi. Ido ya gani, yatsa ya danna. Kunnena yana wurin waƙa. Amma rubutunka yana da kyau, ban sha wahala ba."

Ya sayar da saniyar da yake kiwo a Morai, ya kai aikin wata maɗaba'a a Gusau. Matarsa Saude kuwa sai da ta kwana biyu miyarta ba gishiri. Da kwalaye suka iso a bayan mota, ya buɗe ɗaya a tsakar gida, ya zaro littafi, ya kai hanci ya shaƙa, idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙa wa Saude. Ta goge hannu a zane, ta juya shi gaba, ta juya shi baya.

"Masha Allahu, Malam. To ka sa a karanta shi cikin waya mana, in riƙa saurare ina tuƙin tuwo."

Ya bi abokai gida gida yana raba musu kyauta. Na farko shi ne Malam Mas'udu, wanda suka yi kwalejin horon malamai tare, yanzu kuma shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin malamai ta yankin. Mas'udu ya karɓa da hannu biyu, ya yaba bango, ya yaba nauyin takarda, ya ce ko a Kaduna aka buga iyakarta ke nan. Bayan wani lokaci suka haɗu a wurin ɗaurin aure, Malam ya ja shi gefe.

"Yaya kag ga ƙarshen?"

"Ƙarshen? Kai, Ɗanasabe! Ai ƙarshen nan shi na wurin."

"Inda anka zazzage buhu?"

"Nan hwa! Nan ɗin nan." Ya hango wani can nesa, ya ɗaga masa hannu, ya tafi gaisuwa bai dawo ba.

Haka kowa. Duk wanda aka ba, sai ya yaba bango. Malam ya kai wa Solomon 'yan kwafi ya ajiye ko Allah zai kawo mai saye. Sauran kwalayen suka zauna a ɗakin Saude. Ta ɗora musu kwanoni, ta ɗora faifai, daga baya wata kaza ta ga wuri mai kyau ta fara ƙwai a cikin wanda aka buɗe. Malam ya rage fita. In ya zauna a zaure, sai ya ɗauki kwafi ɗaya ya karanta da kansa, yana gyaɗa kai a wuraren da suka yi masa daɗi.

Ana nan sai ga Abdulbasit ya shiga shagon Solomon neman caja. Abdulbasit tsohon ɗalibin Malam ne, ya haura talatin, yana da digiri, ba shi da aiki, amma yana da waya babba da mabiya masu yawa. Kansa yake kira mai sharhi kan al'amuran yau da kullum. In yana hira da mutane Zamfarci yake yi kamar kowa, amma da ya danna wurin ɗaukar murya sai harshensa ya koma na Kano. Yana jiran Solomon ya gwada cajar, sai hannunsa ya faɗa kan littafin, ya buɗe tsakiya, idonsa ya sauka kan layi ɗaya: "Sufyanu ɓarawo ne, rabin buhunsa yashin gulbi ne." Maganar wani mugu ce a cikin labarin, amma Abdulbasit bai dubi layin sama ba, bai dubi na ƙasa ba. Ya ɗauki hoton wurin, ya fita bakin shago, ya gyara hula.

"Jama'a, yau na bankaɗo muku wani babban al'amari. Wani dattijo, tsohon malami, ya fasa ƙwai. Ya kama sunan wani attajiri ƙiri-ƙiri a cikin littafi. Ku tura wa na gaba, kada ya tsaya a kanku."

Bai tsaya ba kuwa. Kafin la'asar saƙon ya zaga duk zaurukan wasaf na Mafara, ya hau kabu-kabu ya sauka Bakura, inda akwai wani babban dillalin taki da ake kira Alhaji Sufyanu.

Malam bai san abin da ake ciki ba, don wayarsa ƙarama ce mai tocila. Abin da ya gani kawai shi ne gari ya sauya masa fuska. Mai shayi ya ƙara masa madara. Mutanen da suka daɗe ba su gaishe shi ba suka riƙa tsallako titi suna ba shi hannu. Wani ɗan kabu-kabu ya taka birki a gabansa ya ce, "Malam, littahin ga naka ya yi! Ka burge mu!" Malam ya dawo gida yana tafiya kamar an cire masa doron. Ya ce wa Saude, "Kin gani? Na ce maki mutanen ga suna karatu. Lokaci kawai suka so." Ranar har ƙarin tuwo ya nema.

Washegari da hantsi wata mota baƙa ta tsaya a ƙofar gidan. Alhaji Sufyanu ya fito, kakkaura, da babbar riga mai aiki, mutum biyu na biye da shi. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Aka gaisa yadda ya kamata: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya Bakura, yaya ruwa, yaya muka ji da haƙurin zamani. Saude ta aiko da fura, Alhaji ya sha, ya yi hamdala, ya goge baki. Sannan fuskarsa ta rufe.

"Malam, mi nim maka?"

"Ni? Alhaji, yau na hwara ganinka."

"To don mi kas sa ni cikin littahi kac ce ni ɓarawo na?"

Sai a nan Malam ya gane. Ya yi 'yar dariya, ya tashi ya ɗauko kwafi ɗaya. "Alhaji, ka karanta shi?"

"In karanta zagina da kaina? An karanta mani."

"Layi guda."

"Layi guda bai isa ba? In mutum ya mare ka sau guda, sai ka tsaya ka ji ko akwai saura?"

"Alhaji, ga shi kyauta. Ka tahi da shi, ka karanta, in ka kai ƙarshe ka dawo ka yi mani duk abin da kag ga dama."

Alhaji ya dubi kaurin littafin, ya dubi Malam, ya ga kamar wani sabon cin mutunci ne ake shirin yi masa. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba shi da lokacin zama. Ya ce ko dai a janye magana, ko a haɗu gaban alƙali. Ya tafi ya bar littafin a kan tabarma.

Malam bai gama farfaɗowa ba, kwana kaɗan bayan haka, sai ga wani baƙon daga Maradun. Shi kuma Alhaji Sanusi sunansa, shi ma taki yake sayarwa, yawancin manoman Faru a wurinsa suke saye. Gajere ne mai saurin magana, ko furar da Saude ta aiko bai taɓa ba.

"Malam, kada ka raina mani wayo. Kowa ya san da ni kake. Suna kawai kas sauya."

"Alhaji, ban san ka ba, ban taɓa jin..."

"Tun daga Maradun har Hwaru nuna ni akai da baki. Kuma ƙarya ta! Rabi? Wa yac ce maka rabi na? Ka taɓa ganin wanda yas sa rabi buhu bai tona shi ba?"

Wanda ya rako shi ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Alhaji Sanusi ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya yi tari, ya ce shi dai a bi masa haƙƙinsa.

Da magana ta yi girma, Malam Mas'udu ya ce ba za a kai tsohon malami kotu yana raye ba. Ya kafa kwamitin sulhu, shi ne shugaba, da wasu tsofaffin malamai biyu da wakilin 'yan kasuwa. Aka ba kowannensu kwafi, aka ce su yi nazari. Kwamiti ya zauna ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A kowane zama akan ci shinkafa da nama, a sha lemo, kowa ya ce ya kusa gamawa, ya dubi na kusa da shi ko zai fara magana. Sai a ɗage zama.

Ranar sauraren ƙarshe aka taru a wani aji, ranar Asabar. Mutane suka cika har tagogi, kowa da waya a ɗage. Aka fara kiran Martha, tunda ita ta buga. Ta ce ita dai ta san akwai Sufyanu a ciki, don sunan ya yi ta dawowa har yatsunta suka haddace shi, amma abin da ya yi ko aka yi masa, Allah ya sani. Aka kira Abdulbasit. Ya tashi ya gaishe da manya, ya juya harshe zuwa Kano, ya ce ya yi wa littafin nazari mai zurfi.

Malam ya ce, "Abdulbasit, ni nik koya maka baƙi. Ka dube ni. Ka karanta shi har ƙarshe?"

"Malam, da girmanka, yanzu ai ba a bin abu tun daga farko har ƙarshe. Zamani ya wuce nan. Muhimmin wurin ake dubawa."

"Yaya akai a gane muhimmin wuri in ba a karanta sauran ba?"

"Shi ya sa muka yi jami'a, Malam."

Aka yi masa tafi daga taga.

Sai Mas'udu ya ɗaga nasa kwafin ya ce kwamiti ya bi littafin nan shafi shafi, kuma ya gano akwai gyara a ɓangarorin biyu. Malam yana zaune kusa da shi. Maɗaba'ar Gusau ba ta yanke bakin wasu shafuka da kyau ba, duk mai karantawa sai ya sa wuƙa ko tsinke ya raba su. Na Mas'udu suna nan manne da juna kamar ranar da aka sauke su daga mota. Malam ya duba na sauran 'yan kwamiti. Duk haka. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Bai tona su ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ranka shi daɗe, ina roƙon alhwarma guda. A bar ni in karanta babin da bakina."

Aka ba shi dama. Ya miƙe, ya buɗe, ya fara. Muryarsa ta aji ta dawo, mai kauri, mai kaiwa bango. Tun da ya rubuta littafin bai taɓa samun kunnuwa masu yawa haka ba. Ya karanta yadda mugun ya shiga kasuwa yana yaɗa sharri. Ya karanta yadda manoma suka bar zuwa rumfar Sufyanu, yadda matarsa ta koma cin abinci ba ta duban fuskarsa. Waɗanda ke taga suka ga ba za a yi dambe ba, suka fara sauke wayoyi, wasu suka zame. Ɗaya daga cikin tsofaffin malaman ya jingina da bango, bakinsa ya ɗan buɗe. Wakilin 'yan kasuwa ya sa waya a ƙarƙashin tebur yana shafa ta da babban yatsa. Mas'udu yana gyaɗa kai a kai a kai, har a wuraren da ba abin gyaɗa kai.

Malam ya iso inda sarkin kasuwa ya sa aka zazzage buhunan Sufyanu a gaban jama'a, aka tankaɗe, ba a sami ko ƙwayar yashi ba. Mugun ya durƙusa yana kuka, Sufyanu ya ɗaga shi ya ce ya yafe.

"Tsaya!" Alhaji Sufyanu ne, ya miƙe tsaye. "Sake karanta wurin ga."

Malam ya sake.

"Wato ni mutumin kirki na cikin littahin?"

"Alhaji, ba kai na ba. Ƙirƙira ta. Babu wani Sufyanu."

"A'a, Malam. Da anka zage ni, ni na. Yanzu da anka wanke ni, ka ce ba ni na ba? Jama'a kun dai ji da kunnenku. Ko ƙwaya guda ba a samu ba!"

Ya zo ya rungume Malam har tabarau ya karkace. Aka yi kabbara. Mai barcin ya farka ya tambayi ko an gama. Da aka waiwaya neman Alhaji Sanusi na Maradun don a ji ta bakinsa, kujerarsa ba kowa. Babu wanda ya ga fitarsa. Manoman Faru kuwa har yau a wurinsa suke sayen taki, don nasa ya fi araha.

Kafin mako ya zagayo, Alhaji Sufyanu ya saye littattafan, motarsa ta zo ta kwashe kwalayen kaf, har wanda kaza ke ciki, sai da Saude ta bi su ta karɓi ƙwanta. Alhaji ya sa aka buga hotonsa yana murmushi, aka manna a bangon kowane kwafi, daidai inda sunan marubuci yake. Duk wanda ya sayi buhun taki a rumfarsa, sai a ɗora masa littafi ɗaya a kai. "Tarihina na," yakan ce. "Wani malami yar rubuta. Ku kai gida." Saude ta samu ɗakinta, an kuma sayi wata saniya da kuɗin aka kai Morai. Kwamiti ya rubuta rahoto mai kauri, Martha ta buga, Mas'udu ya sa hannu a shafin ƙarshe, aka sa a durowa. Abdulbasit ya fitar da sabon bidiyo yana bayanin yadda ya sasanta manyan mutane biyu.

Malam ya zama sananne. Makarantu suka fara gayyatarsa ranar raba kyaututtuka, a zaunar da shi a kujerar gaba, mai gabatarwa ya ce ga shahararren marubucin da littafinsa ya ƙare a kasuwa. A wata makaranta aka ce littafin tarihin Bakura ne. A wata aka ce na koyar da noman zamani ne. Yaran da suka yi na ɗaya kuwa bokitin roba ake ba su da kofi. Manoma suka riƙa sallama a zaurensa, suna tambayar yaushe ya kamata a zuba wa masara taki na biyu, tunda shi ya rubuta littafin taki. Da farko yakan yi musu bayani cewa labari ne. Daga baya ya gaji. Ɗan manomi ne, ya san amsar, sai ya faɗa musu kawai su yi godiya su tafi.

Bara, bayan girbi, ya je Maradun gaisuwar rasuwar wani tsohon abokin aiki. Ya fito da wuri don a bi hanya da rana, ya zauna a tasha yana jiran mota ta cika. Can a kan benci, ƙarƙashin dalbejiya, ya hango wani magidanci riƙe da Gonar Bakin Gulbi a buɗe, ya kifa kai a ciki, ko motsi ba ya yi. Wani lokaci ya yi murmushi, wani lokaci ya girgiza kai. Malam ya ƙura masa ido. Ya tashi a hankali, ya zagaya ta bayan mutumin don ya ga wane shafi ya kai.

Waya ce a tsakiyar littafin. Rana ce ta hana shi ganin gilashin, ya yi mata rumfa da shi.

Mutumin ya ji tsayuwar mutum a kansa, ya ɗago. Suka gaisa. Ya matsa ya ba Malam wuri, ya ce, "Baba, zauna ka gani. Wani yaro na mai ilimi, shina bayanin abin da ac cikin littahin ga, ba sai ka wahala ba."

Malam ya zauna. Abdulbasit ne a ciki, da sabuwar hula, yana bayani da hannu biyu. A cewarsa, akwai wani aljani a bakin gulbi da ke sace wa Sufyanu taki yana zuba yashi, sai da aka ɗauko wani mai magani daga Nijar aka kama shi a cikin tulu.

"Ikon Allah," in ji mutumin. "Baba, ka san wanda yar rubuta shi?"

Malam ya dubi hoton Alhaji Sufyanu da ke murmushi a bango. Ya ce, "Na ɗan san shi."

"To in kun haɗu ka ce mai wurin aljanin nan ya yi. Shi ƙara irinai."

Kwandasta ya buga bayan mota yana kiran Mafara, saura mutum ɗaya. Malam ya tattara rigarsa, ya yi wa mutumin sallama, ya ce in Allah ya yarda zai faɗa masa.